Shekarar da Aka Shafa Mini Toka

Ranar Laraba 18 ga Fabrairun 2026 na shiga kasuwar Kejetia da ke Kumasi, ƙasar Gana, sayen dabino da sukari. Azumi ya zo bakin ƙofa, kowa na rububin kayan buɗa-baki. Matar da nake sayen sukari wurinta 'yar Asante ce, mun daɗe tare. Na tarar da ita da baƙin tabo a tsakiyar goshi, kamar wadda ta taɓa gindin tukunya sannan ta share gumi. Autata da ke riƙe mini jaka ta buɗe baki za ta ce mata goshinta ya ɓaci, na yi maza na matse mata hannu. Na san wannan tabon. Ni ma an taɓa yi mini shi, sau ɗaya tak, kuma saura ƙiris ya raba ni da karatu.

Da na koma gida na zauna na yi lissafi. Watanmu na Musulunci yana ja da baya kwana 10 zuwa 11 kowace shekara, sai an yi kamar shekara 33 kafin azumi ya sake faɗowa inda ya taɓa faɗowa. Na cire 33 daga 2026, ya ba ni 1993. A shekarar ina aji shida a makarantar Roman, shekarata 12, kuma azuminmu da na Katolika kusan tare suka kama. Mu mun ɗauka wajen 23 ga Fabrairu, su kuma Larabar Tokarsu ta faɗo ranar 24.

Roman muke ce wa Katolika a nan Kumasi. Ba zan faɗi sunan makarantar ba, har yanzu tana nan, yara na shiga suna fita. Mu 'yan Aboabo ne. Babana falken goro ne, gadon gidansu tun zamanin da ake cewa an tafi Gwanja. Yana shiga ƙauyukan kurmi ya sayo, a zauna a tsince, a ɗaure huhu, a loda wa mota sai Legas. Bai taɓa zama a benci ba, amma in ana lissafin goro ba ya jiran mai biro.

Abin da ya kai ni boko tsoro ne, ba sha'awa ba. A Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Zango ya kaɗu. Wan babana, wanda a nan aka yanke masa cibiya, ya sayar da ɗakunansa a wulaƙance ya hau mota da iyalinsa, bai sake dawowa ba. Shi Baba wata 'yar takarda ya nuna wa ɗan sanda a hanya aka ƙyale shi, takardar da shi kansa bai san abin da ke cikinta ba. Tun daga ranar ya sami gwangwanin biskit yana tara duk wata takarda da ta shigo hannunsa, ya tura ƙarƙashin gado, ya kuma ƙudurta sai wani a gidansa ya iya karanta su. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya ja da baya. Yayyena maza biyu aka fara kai wa, suka gudo, kasuwa ta fi musu daɗi. Sai abin ya faɗo kaina.

An sa ni aji ɗaya a 1987, shekarar da gwamnati ta sauya tsarin karatu aka kawo JSS, wato ƙaramar sakandare, aka kuma buɗe sashen da ke kula da makarantun Islamiyya masu haɗa Turanci da Arabiyya. Kawu, ƙanin mahaifiyata Mma, wanda yake da makarantar allo a zaurensa, ya ce in dai dole ne to a kai ni irin waɗannan. Baba ya ce waɗancan jiya aka haife su, shi kuwa ba shi da 'ya'yan gwaji. Aka yi sulhu: da safe Roman, bayan la'asar da ranakun Asabar da Lahadi zauren Kawu. Kawu ya yarda da baki, amma idonsa bai taɓa barin kaina ba.

Rayuwar makarantar ba ta da wani ɓoyayyen abu. In tashi da asuba in taya Mma tace koko, in kai mata ƙullun ƙosai bakin titi, in yi wanka in kama hanya. Ɗankwalina a bakin ƙofar makaranta nake cire shi in cusa a jaka, sai an tashi in mayar. Gashi kuwa dole a aske shi ƙasa-ƙasa kamar na namiji, haka dokar take ga kowace yarinya. Wannan ya fi komai ci wa Mma rai, don ita makitsiya ce ta gaske, ga 'ya mace ɗaya tilo, ba kan da za ta kama. Muna isa a yi shara, a buga ganga a yi layi, a duba farce da haƙora da hankici. Sai addu'a. Su rufe ido su haɗa tafin hannu, mu 'yan Zango mu sunkuyar da kai mu yi shiru. Mu biyar ne a ajinmu cikin yara fiye da arba'in. Duk da shirun, addu'o'in nan sun zauna mini a ka daram, har yau in aka fara zan iya ƙarasawa. Abin da kunne ya sha kowace safiya shekara shida ba ya neman izini kafin ya zauna.

Bayan layi sai mantal, wato lissafin ka. Tica ya tsaya da tsumagiya, ya nuna ka, bakwai sau takwas, kafin ka haɗiye yawu ta sauka. A nan jinin goro ya cece ni. Inda nake shan wuya shi ne banakula: duk wanda aka ji yana yarensu a harabar makaranta sai monita ya rubuta sunansa. Abin dariyar, Asante darasi ne da ake koya mana a aji, saboda haka in 'yan Asante suka yi suɓul da baka ba a cika kulawa ba. Mu kuwa kalmar Hausa ɗaya ta isa. Wasu yaran suna ce mana kramo, wannan ba komai, Musulmi ke nan. Amma in aka yi faɗa sai ka ji pepeni, kalmar da ake jifan mutanen arewa da ita. Ni da ban taɓa wuce Mampong da ke nan arewa da Kumasi kaɗan ba.

Zangon karatu na biyu, daga Janairu zuwa dab da Ista, shi ne wanda na fi so. Mun dawo hutu hunturu na kaɗawa, leɓe ya tsage, ƙafa ta yi furu-furu sai an sha man kaɗe. A makon ne, ranar 7 ga Janairu, aka rantsar da Rawlings a matsayin shugaban farar hula, Tica ya sa muka rubuta Jamhuriya ta Huɗu a littafi muka ja layi biyu a ƙarƙashi. Amma abin da ya cika zangon shi ne shuka. Ticanmu ɗan manomin koko ne, irin kokon da ake yin cakulan da shi, ba na Mma ba, kuma in ya shiga darasin tsiro har mantawa yake da tsumagiyarsa.

Ya ce kowa ya kawo gwangwanin madara huɗu da wake ɗan kaɗan. Na ɗebo daga buhun ƙosan Mma. A gwangwani na farko muka sa busasshiyar auduga muka ɗora wake. Na biyu auduga mai laima. Na uku muka cika shi da ruwan da aka tafasa ya huce, muka nutsar da waken, Tica ya zuba ɗan mai a sama don kada iska ta shiga. Na huɗu auduga mai laima shi ma, amma aka kai shi gidan Fada, limamin cocin, aka sa a firiji. Bayan kwana uku na biyu kaɗai ya fasa. Wata 'yar farar saiwa ta leƙo ta lanƙwasa ta nufi ƙasa. Tica ya juya ƙwayar ya mai da saiwar sama, washegari muka tarar ta sake karkatowa ƙasa. Na tsaya a kan gwangwanin nan har aka buga ƙararrawa ban ji ba. Ruwa, iska, ɗumi: in ɗaya ya ɓace ba tsiro. Da na kawo wa Mma labari da zumuɗi, ta dube ni ta ce, "Wato wakena kuka kwashe don ku gano abin da kakarki ta sani tun ba ta yi wayo ba?" Amma da dare na ji tana ba maƙwabciyarmu labarin saiwar da ba ta yarda a juya ta.

Daga nan aka mai da tsiron cikin ƙasa a babban gwangwanin Milo, kowa da nasa a gindin taga, da suna a jiki. Kowace safiya a auna da rula a rubuta a jadawali. A bayan aji kuma aka ba mu fili muka yi kunyoyi, muka yafa irin tumatir a inuwa, muna jiran ruwan Maris mu shuka masara da kuɓewa. Abokiyar kunyata ita ce ƙawata ta benci. Haihuwar Lahadi ce, don haka Mma ta raɗa mata Ladi, sunan ya bi ta har gidansu.

Ranar Larabar, ina cikin azumina na biyu, na farko da na ɗaura niyyar kaiwa ƙarshen wata. A ƙa'ida in za a shiga coci mu biyar a aji ake barinmu. Ranar Ticanmu bai zo da wuri ba, wani sabon malami ya kwashi ajin gaba ɗaya. Ɗaya daga cikinmu ya ɗaga hannu zai yi bayani, aka daka masa tsawa ya shiga layi. Muka shiga. Ban taɓa ganin cikin cocin ba sai ranar: sanyi, ƙanshin turare, gumaka an jera, hotuna goma sha huɗu a jikin bango. Can aka ce a tashi benci-benci. Layi ya ja ni, na baya na turo ni, malamin na tsaye a gefe da sanda. Na yi ta neman inda zan zame ban samu ba. Kafin in ankara ina gaban Fada, ya dangwala babban yatsa a wani ɗan kwano ya zana mini a goshi yana faɗin wata magana. Hannunsa da sanyi. Bai ma dube ni ba, yara ɗari nawa ke bayana.

Muna fita na goge da hankici, na tofa yawu na sake gogewa, ina tsoron ko yawun ma ya karya azumin. Na ɗauka ya fita. Ashe na baza shi ne kawai. Da na iso unguwa ɗankwali ya rufe rabi, amma wata tsohuwa mai sayar da goro a bakin lungunmu, wadda ta yi aikatau gidan 'yan Roman da ƙuruciya, ta kira ni ta ɗaga ɗankwalin da yatsa. Ba ta ce mini komai ba. Kafin a sha ruwa labari ya riga ni zauren Kawu, kuma kafin a idar da asham ya zama wai an yi mini wankan shiga Kiristanci.

Kawu ya zo har tsakar gida, abin da ba ya yi. Ya ce tun 1987 ya faɗa, ga shi nan. Ya sa aka kawo ruwa aka wanke mini goshi sau bakwai, ya sa na maimaita kalmar shahada a gaban mutane kamar sabuwar tuba. Wannan ya fi tokar ƙona ni. Mma na kuka a bakin murhu. Baba na zaune a kan buzu da carbi, bai tanka ba har aka watse. Sai ya ce, "Gobe ki zauna a gida." Shi ke nan.

Kwana goma sha ɗaya na yi a gida. In faɗi gaskiya, ba lahira nake tunani ba a kwanakin, wakena nake tunani. Wa zai ba shi ruwa? Jadawalina zai yi giɓi. Ranar Asabar sai ga Ladi a ƙofar gidanmu, rungume da gwangwanin Milo, ta yi zuru-zuru. Ba ta taɓa shiga Zango ba, an gaya mata ana sace yara. Ta yi ta tambaya gidan mai koko har aka kawo ta. Waken ya yi ganye huɗu, kuma ta auna mini kowace rana ta rubuta a bayan littafinta. Mma ta zuba mata ƙosai a takarda, ta ƙi ci a gabanmu don ta ji muna azumi, sai da Mma ta tura ta ɗaki ta ja labule.

Ranar Alhamis ta mako na biyu, bayan la'asar, yara suka shigo da gudu wai ga Roman Sista a lungu. Shugabar makarantarmu ce. Da ƙafa ta zo, da lulluɓinta, ƙura ta yi wa takalminta fari. 'Yar arewa maso yamma ce, daga ƙasar Dagaba inda Katolika suka yi ƙarfi, amma a barikin soja ta girma, saboda haka tana jin Hausa irin ta bariki. Shekara shida ina ƙarƙashinta ban taɓa sanin haka ba. Matar da ake rubuta sunanmu a kai mata saboda banakula, ita ce ta tsaya a ƙofar zaure ta yi sallama da Hausa.

Aka shimfiɗa mata tabarma. Mma ta kawo ruwa a kofi, ta karɓa ta ajiye a gefe ta ce ba za ta sha a gaban masu azumi ba. Ina bayan ƙyaure ina leƙe. Ta ce, "Alhaji, na zo ba da haƙuri. Laifi namu ne. Yarinya ba shi da laifi." Baba ya ce, "Sista, amana na ba ku." Ta ce ta sani, shi ya sa ba ta aiko takarda ba ta zo da kanta. Ta yi bayani cewa tokar ba wankan shiga addini ba ce, ba ta mai da kowa komai. Kawu, da aka aika aka kira, ya ce to tokar mece ce, me aka ƙona? Ta ce ganyen kwakwar manja ne da suka riƙe a bikin Lahadin da ke gaban Ista ta bara, ake adanawa a ƙona. Baba ya ce, "Me Fada yake faɗa in yana shafawa?" Ta ɗan yi shiru tana neman Hausar, sannan ta ce, "Ka tuna kai ƙasa ne, kuma ƙasa za ka koma."

Baba ya daina jan carbi. Ya juya ya dubi Kawu ya karanto ayar nan ta cikin Ɗaha da ake karantawa in ana zuba ƙasa a kabari, wadda ke cewa daga gare ta Muka halicce ku, cikinta Muke mayar da ku. Kawu ya ce magana ɗaya ce amma hannun da ya shafa daban ne, kuma alamar da aka zana gicciye ce. Ni a yau, da na girma na yi karatu gwargwado, ba na cewa Kawu ya yi kuskure a wannan. Bai kamata a shafa mini ba. Sista ma ba ta yi musu ba. Baba ya kafa sharuɗɗa: ba shiga coci, ko da wane malami ne a aji, ranar Juma'a a sake mu da wuri, ranar salla kada a doke mu don ba mu zo ba. Ta amsa duka. Da za ta tafi aka kusa kiran magariba, Mma ta ƙulla mata masa da ƙosai a leda. Baba ya sa yayana ya raka ta har titi ya tsayar mata da trotro, motar haya.

Ranar Litinin na koma. Amma mu uku muka koma, ba biyar ba. Sista ta je gidajen sauran biyun, ba a saurare ta ba, ɗaya ma ba a bari ta wuce zaure ba. Namijin aka kai shi Suame Magazin koyon gyaran mota, yanzu yana da garejinsa, ya fi ni kuɗi nesa ba kusa ba. Macen kuwa, wadda ta fi ni ƙwaƙwalwa, wadda ba a taɓa dukanta a mantal ba, bayan shekara uku aka yi mata aure. Muna haɗuwa a gidan biki. In wayarta ta yi ƙara da saƙon kuɗi, ni take miƙo wa in duba mata. Duk lokacin da aka taso da gardamar yaran Musulmi a makarantun mishan, kamar wadda aka yi a 2021 kan hana wata ɗaliba azumi, ita nake tunawa. Mutane suna son kawo hoton Babban Limamin ƙasa, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, da ya je cocin Katolika a Accra a 2019 lokacin cikarsa shekara 100, su ce ai Gana lafiya lau. Hoton yana da kyau, ni ma ina son sa. Amma abin da ya mayar da ni aji ba doka ba ce, ba kuma hoto ba. Mace ɗaya ce ta ga dama ta tako. Da wata ce a kujerar, da yanzu ni ma miƙa waya nake.

Saboda kwanakin da na yi a gida na rasa macin 6 ga Maris, ranar 'yancin kan Gana, wanda aka yi wata guda ana gwaji a rana. Ban yi baƙin ciki ba, don an ce yara da dama sun faɗi a fili, ni kuwa ga azumi.

Sharaɗin Baba ya zo da nasa nauyin. Kowace Juma'a in ajin ya tafi coci bin hotunan nan goma sha huɗu, tashoshin da suke tuna wahalar da suka ce Annabi Isa ya sha, mu uku sai a tura mu lambu. Ba wai mu zauna a inuwa ba, ban-ruwa za mu yi. Famfo na can gangare, bokiti a ka, ga zafin Maris na Kumasi mai sa riga ta manne a baya, ga baki a bushe. Kana zuba wa tumatir ruwa kana jin ƙarar yadda ƙasa ke shanyewa. Muka yi ta gunaguni. Amma a haka lambun ya zama namu. Mu muka san kunyar da ke riƙe ruwa da wadda ke zubarwa, mu muka gano tsutsar da ke yanke dashe da dare, muka tono ta a gindin.

Ni da Ladi mun sha gardama a kan azumi. Na ce nasu wasa ne: a ci abinci, a sha ruwa, a ce ana azumi don an bar nama ranar Juma'a? Ta ce namu ne na wayo, mu ƙi ci da rana mu kwana muna ci, ga shi nasu kwana arba'in ne namu talatin. Ita alewa ta bari gaba ɗaya, kuɗin kuma tana jefawa a wani akwati na marasa galihu da ke teburin Tica. Na ce wannan ai sadaka ce, mu ma muna da zakkar fid-da-kai. Ba wadda ta ci wata. Amma lokacin tara ta daina cin abincinta a benci, sai ta zagaya bayan aji.

Ruwan farko ya sauko ana tsakiyar darasi. Gari ya yi baƙi, iska ta kwashe takardu, kwanon rufi ya ɗauki ƙara har ba ka jin na kusa da kai. Tica ya ajiye alli ya bar mu muka tsaya a taga. Ƙanshin ƙasar nan, ga mai azumi, wani abu ne da ba ya faɗuwa. Mun riga mun kafa kwalba da mazurari a tsakar fili, ruwa na ɗaukewa muka ruga da rula. Tica ya hana mu shuka a ranar, ya ce ruwan farko maƙaryaci ne, a jira na biyu. Da dare shinge ya cika fitilun unguwa. Bayan kwana biyar aka sake yi, muka shuka masara, ƙwaya uku a rami, taki ɗaya na ƙafar Tica tsakanin rami da rami.

Salla ta zo wajen 25 ga Maris, tsakiyar mako. A lokacin ranar salla ba hutu ba ce a Gana, sai bayan 'yan shekaru gwamnatin Rawlings ta mai da ita hutun ƙasa. An rubuta mana fashi a rajista, amma ba a doke mu ba. Da muka dawo, Tica na bayanin bikin da suke yi a makon, na ranar da mala'ika ya yi wa Maryamu albishir, wata tara cif kafin Kirsimeti. Sai ya ce ai ga mai sunanta a aji, in tashi in faɗi abin da littafinmu ya ce. Gabana ya faɗi, don Hausa da Larabci na san shi, ba Turanci ba. Na yi ta haɗa kalmomi: yadda ta keɓe daga mutanenta, yadda naƙuda ta kai ta gindin dabino, aka ce ta girgiza ya zubo mata nunannu, yadda jaririn ya yi magana yana cikin tsumma ya wanke uwarsa. Na ce sura guda ce sukutum da sunanta. Ajin ya yi tsit. Wani yaro ya ce ina komin dabbobi, ina makiyaya? Na ce babu su a namu. Ya ce to naku bai cika ba. Na ce a naku jaririn ya yi magana? Tica ya buga tebur ya ce a buɗe littafin lissafi.

Aka yi jarrabawa, aka yi awa-de, ranar rufe makaranta da kowa ke zuwa da kayan gida da abinci a kwando. Mma ta yi mini wake da shinkafa da taliya da ƙwai, ta kuma ɗaura mini ɗankwalin salla, na shiga da shi har aji ba wanda ya ce uffan. Masara ta kai gwiwa. Na zo ta huɗu, a kimiyya kuwa ta ɗaya. A tambayar abubuwa uku da iri ke bukata har zane na yi.

Da dare na kai wa Baba katin sakamako. Ya ce in karanta masa, na karanta, har da abin da Sista ta rubuta a ƙasa da jan biro. Ya gyaɗa kai. Sai ya sunkuya ya jawo gwangwanin biskit daga ƙarƙashin gado, ya daɗe yana tonawa, ya fito da wata takarda da ta yi ja don tsufa, an naɗe ta a leda. Ya ce, "Wannan fa?" Na matso da fitila na buɗe a hankali don kada ta yage. Rasit ne na lampo, harajin kai, na shekarar 1967, da sunansa da aka rubuta ba daidai ba. Na gaya masa. Ya ce in sake dubawa, ba inda aka ce shi ɗan ƙasa ne? Na duba gaba da baya na ce babu, kuɗin da ya biya ne kawai da hatimi.

Ya yi shiru har na ɗauka na yi laifi. Can sai kafaɗunsa suka fara rawa, dariya ta ƙwace masa, ya yi ta yi har da tari, Mma ta leƙo tana tambaya lafiya. Ya share ido da bakin riga ya miƙo mini ledar. "Mayar da ita yadda take," in ji shi. "Ki ɗora naki a kai."